Ja'afaru a Raga

Ƙungiyar ƙwallon Hausawan unguwar Ƙurban ta tsufa, kuma Abdulmajid da ke horar da ita, wanda suke kira kaftin, ya sani. Shirinsa ya riƙa sauke manya a hankali yana ɗora samari. Raga kuwa ya tanadar wa Sabiru, dogon saurayi mai hannu amma ɗanye. Bana a lallaɓa da tsohon mai tsaron raga Ja'afaru, baɗi a ba Sabiru. Shirin ba shi da laifi. Laifin yana wurin mutumin da ya fi son shirinsa a kan mutanensa.

Ja'afaru yana aiki a wata gonar dabino a unguwar Awali. Farkon mako ya faɗo daga bishiya, ƙeyarsa ta bugi bakin magudanar ruwa. Ya tashi ya kakkaɓe, bai je asibiti ba. Ranar Asabar bayan la'asar suna da wasan da in suka sha kashi sun fita daga gasa.

Wajen motsa jiki Abdulmajid ya buga wa Ja'afaru ƙwallo mai sauƙi. Ja'afaru ya kai hannu sama, ƙwallo ta wuce ta gefen cinyarsa.

"Ja'afaru, lafiyarka kuwa?"

"Lafiya lau, kaftin. Rana ce."

"Rana tana bayanka."

Ja'afaru ya matso ya rage murya. "Tun da na faɗo biyu nake gani. Amma na gane ta gaskiyar, ta ƙasa ce. Don Allah ka bar ta tsakaninmu."

Abdulmajid ya ƙura masa ido. Ya waiwaya ya kira Sabiru. "Za ka iya tsayawa yau?"

"Wallahi ban sani ba, kaftin. In suka zura mini biyar fa?"

Bakri, mai tsaron baya, ya kwashe da dariya. "Wannan? Ko gurasa ka jefa masa sai ta faɗi ƙasa."

Abu biyu Abdulmajid ya ji tsoro: yaro ya karaya shirin baɗi ya rushe, ko babba ya sake bugewa. Ya zaɓi ya ji tsoron ƙaramin. Ya sa Ja'afaru.

Duk ƙwallon da ta doshi raga sai Abdulmajid ya miƙe tsaye. Ja'afaru ya ture ɗaya da sa'a kawai, 'yan kallo suka hau tafi, Abdulmajid kuwa bai tafa ba. Ya ce a ransa, ana zuwa hutu zan cire shi.

Kafin hutu aka ba abokan karawa bugun kusurwa. Ja'afaru ya yi tsalle da dukkan ƙarfinsa, ya bi abin da ba ya nan. Ƙarar da kansa ya yi da ƙarfen raga har bakin titi an ji ta.

Abdulmajid ya ruga ya durƙusa. Jini yana fita ta kunne. Idanu a buɗe.

"Ja'afaru! Ka gane ni?"

"Kaftin?" Ya lalubi iska. "Wa ya kashe fitila?"

Rana kuwa tana nan fayau a kan filin.

Bakri ya kawo motarsa, aka ciccibi Ja'afaru. Alƙalin wasa ya biyo su yana tambaya wa zai shiga raga. Sabiru yana tsaye, riƙe da safar hannu.

"Babu mai shiga," in ji Abdulmajid. "Ka ba su wasan."

Ya shiga baya, ya ɗora kan Ja'afaru a cinyarsa. Ja'afaru ya damƙe masa hannu.

"Kaftin, ka yi ta magana. Ba na ganinka."