Fito da Haƙoran Roba

Dougal ya sake tsuke leɓɓansa ya hura, amma iska ce kawai ta fito da ɗan yawu. Karensa Moss ya ɗago kai ya dube shi, ya mayar da haɓa ƙasa.

Jiya likitan haƙori na cikin gari ya cire masa ragowar haƙoransa na gaba, ya sa masa na roba farare tas, har da alkawarin zai gatsi tuffa da su. Abin da bai gaya masa ba shi ne fito zai bi tsofaffin haƙoran ya tafi. Shi kuwa Dougal da fito yake cin abinci. Shi ne mai kula da tsuntsayen fezan na wannan gandu, waɗanda ake kiwo a sake su a daji saboda maharban lokacin sanyi. Inji ne ya ƙyanƙyashe su, ba su da uwar da za ta nuna musu mene ne yanyawa, mene ne mota. Abu ɗaya suka sani tun suna 'yan tsaki: in sun ji gajeren fito biyu da dogo ɗaya mai hawa sama, alkama ta zo.

A makon nan ya buɗe musu shingen waya. Da safe sukan bazu, da yamma ya kira su su dawo bakin kurmi su ci, su hau bishiya su kwana. Yau ga su can a gangaren tudu, suna tafiyarsu ta wawaye wajen kwaltar da motocin katako ke bi a guje. Ya kaɗa bokiti, ko waiwaye ba su yi ba. Ya so ya tura Moss, amma daga nan kare kan titin zai ƙara kora su. Ya zare haƙoran ya jefa a aljihu ya gwada da dasashi, abin ya fi muni. Wata mota ta wuce, ya hango gashin tsuntsu ya tashi sama. Ya san in duhu ya same su a ƙasa, abin da mota ta bari yanyawa za ta ƙarasa.

"Tsoho, shayi kake fifitawa ko me?"

Matarsa Ishbel ce ta hawo da maganin da ya manta a kan tebur. Tun aurensu ba ta da abokin gaba kamar fiton nan. In ya yi shi a banɗaki sai ta buga ƙofa, in ya yi a mota sai ta ƙure rediyo.

"Ba ya fita, Ishbel," in ji shi, hannunsa a kan baki. "Za su ƙare a titin nan ina kallo."

Ta dubi gangaren, ta dube shi. Ta miƙa masa maganin, ta goge bakinta da bayan hannu, ta yi fito: gajeru biyu, dogo ɗaya mai hawa sama, har da 'yar karkarwar da yake yi a ƙarshe.

Kawuna suka ɗago a cikin ciyawa. Ta sake yi. Sai ga su sun juyo, wasu da gudu wasu suna ɗan tashi sama, suna tuntuɓe da juna, har suka cika bakin kurmin. Dougal ya shiga watsa alkama. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa, bai ma damu ta gani ba.

"Na gode," ya ce. "Wallahi na gode. Amma ke da kike cewa fiton nan ciwon kai yake sa ki?"

"Ciwon kai? Haushi dai. Ka manta inda ka samo shi ko?"

Ya shiga lalube a ransa.

"Bayan rumbun babana," ta ce. "Da shi kake kirana in fito, kai da kekenka mara birki. Muna yin aure sai na ji kana kiran kaji da shi."

Dougal ya buɗe baki, ya tuna ba haƙora, ya rufe. Ya laluba aljihu ya ciro su, ya kakkaɓe ƙwayoyin alkamar da suka maƙale, ya mayar da su. Wani fezan ya zo yana tsattsagar igiyar takalmin Ishbel, ba ta kore shi ba.

"Likita ya ce sai baki ya saba," ya ce a hankali. "Gobe da yamma fa? Za ki zo?"

Ta karɓi bokitin daga hannunsa, ta ɗebi alkama ta watsa.

"Da can ma zuwa nake yi," ta ce, "ko alkama ba ka ba ni."