Ɗaya Cikin Ɗari Huɗu

Wayoyi huɗu aka ɗaura wa Alhaji Umara, biyu a wuyan hannu, biyu a idon sawu, sannan aka manna masa wani ɗan ƙoƙon ƙarfe a ƙirji, mai sanyi kamar cikin kwaɗo. Yana kwance rigingine a ɗakin shan magani na Ajingi, rigarsa na rataye a ƙusa. Daf da kansa wata na'ura tana fitar da siririyar takarda, allura na rawa tana zane a kanta.

Ba da son ransa ya zo ba. A bazarar nan ta 1974 takarda ta zo daga Gaya, dagaci ya sa aka yi shela cewa duk namijin da ya haura arba'in ya je a auna shi. Wai likitoci ne daga wani babban asibiti suke bincike. An ce a ƙasar Turawa akwai ciwon da ke toshe jijiyoyin zuciya ya kayar da ƙato farat ɗaya, amma a nan ba a cika ganinsa ba, shi ne suke son sanin dalili.

Bayanin bai shigi mutane ba. Wa ya taɓa ganin likita yana yawon neman ciwon da shi da bakinsa ya ce babu? Barau mahauci ya rantse a tsakiyar kasuwa cewa jinin da ake ɗiba sayar da shi ake yi. "Bara da fari ya ƙarar mana da shanu ba mu ga ƙeyar kowa ba," in ji shi. "Sai yanzu suka san hanyar Ajingi?"

Alhaji Umara kuwa babban mai sayen gyaɗa ne, kakanninsa daga Barno suka zo, shi ya fara hawa babur a garin. Bai kamata a ce irinsa ya ji tsoron waya ba. Shi ya sa ya zo.

Bai kalli na'urar ba, fuskar likitan ya tsura wa ido. Shekara talatin yana ciniki, ya san baki ba shi ne ke fara magana ba. Likita Maiwada matashi ne, da ƙyar in ya kai talatin da biyar, tun safe yake duba takardun mutane da fuskar gajiya. Da ya yago ta Alhaji sai ya tsaya. Ya matsa jikin taga, ya ɗaga ta a haske. Murmushi ya suɓuce masa, ya yi maza ya haɗiye.

"Baba, in ka yi tafiya da sauri, kana jin an danne maka ƙirji?"

"Ba na ji."

"Ko ka ji abin yana bin hannun hagu?"

"Na ce ba na ji."

Likitan ya sake duban takardar. "Daga Gaya zuwa Kademi zuwa nan, mutum ɗari huɗu muka auna. Kai kaɗai na ga wannan zanen a takardarka. Don Allah ka dawo gobe mu yi magana."

Bayan la'asar matarsa Yagana ta same shi zaune a gindin rumbu, bai taɓa furar da ta ajiye masa ba. Ya gaya mata yadda aka yi.

"Ka ce masa ba ka ji?" ta ce. "Alhaji, tun azumi sau nawa na gan ka ka tsaya a zaure kana dafe da bango, kana yi kamar takalminka kake gyarawa?"

"Ba ki ga fuskarsa ba. Murna ya yi, Yagana. Irin murnar da nake yi in mutumin ƙauye ya kawo gyaɗa bai san farashin Kano ba."

"Ko murna ya yi ko kuka, ciwon dai a ƙirjinka yake."

"Wa ya ce ba wayoyin ne za su ƙara shi ba?"

Ta sauke murya. "Yayanka Goni, wace waya aka ɗaura masa? Yana tsaye yana auna dawa ya faɗi. Aka ce iska ce, muka yi shiru. Ni ban shirya yin wannan shirun sau biyu ba."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki.

Washegari da hantsi ya koma. Bai zauna ba sai da aka ce ya zauna sau biyu.

"Likita, tambaya na zo da ita. Jiya da ka ga takardata, me ya ba ka daɗi?"

Maiwada ya ajiye alƙalami. Ya buɗe baki kamar zai musa, ya fasa.

"Ashe ka gani." Ya shafa goshi. "Gaskiya ne, Baba. Wata bakwai muna yawo. Malamaina sun ce ɓata lokaci nake yi, wannan ciwon bai iso ƙauyukanmu ba. Ni kuma na ce ya iso, mu ne ba mu duba ba. Da na ga takardarka, abin da ya fara zuwa raina shi ne na yi gaskiya. Sai daga baya na tuna mutum ne kwance a gabana. Ka yafe mini."

Alhaji ya so a ce ƙarya ya yi masa, da ya san inda zai kama shi.

"Wato ni ne ribarka."

"Kai ne shaidata. Amma ko ka ƙi, ciwon na nan. Jijiyoyin da ke kai wa zuciyarka jini sun cushe da kitse, kamar kwata da ta cika da yashi. In kana zaune, abin da ke wucewa ya isa. In ka motsa da ƙarfi, bai isa ba. Ina so ka zo Kano ranar Litinin a ƙara aunawa. Taba kuma ka bar ta."

Ya ɗauko wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa. Kowace ƙwaya a ciki ba ta fi girman ƙwayar gero biyu ba. "In ya kama ka, ka zauna, ka sa ɗaya a ƙarƙashin harshe. Kada ka haɗiye."

Alhaji ya juya kwalbar a tafin hannu, ya miƙa masa. "Bismilla. Fara."

"Baba, ni ba ni da ciwon."

"To me zai yi maka?"

Maiwada ya dube shi, ya dubi kwalbar. Ya zazzago ɗaya ya sa. Suka zauna suna kallon juna. Ba a jima ba jijiyar goshin likitan ta tashi, gumi ya tsatsafo masa, ya dafe kai da hannu biyu.

"Yana sa ciwon kai," ya ce da ƙyar. "Da ma zan gaya maka."

"Da ma," in ji Alhaji. Ya jira har ya ga likitan ya miƙe da ƙafafunsa ya sha ruwa, sannan ya sa kwalbar a aljihu ya fita, bai ce zai je Kano ba, bai ce ba zai je ba.

A hanya babur ya mutu masa cikin yashin bayan kasuwa. Ya buga, ya ƙi tashi. Ya sauka yana turawa, rana ta take. Bai yi taku ashirin ba abin ya zo, kamar an ɗora masa buhun gyaɗa a ƙirji wani ya hau kai ya zauna. Hannun hagunsa ya yi nauyi. Ya saki babur ɗin ya zube a inuwar wata tsamiya. Ya waiga, babu kowa. Ya buɗe kwalbar, ya sa ɗaya.

Ƙwayar ta ɗan yi masa zafi a ƙarƙashin harshe. Ya fara karanta Ƙulhuwallahu a zuci. Kafin ya kai ƙafa goma nauyin ya ɗaga, numfashi ya dawo, kansa ya ɗauki sara.

Da ya shiga gida, Yagana ta ga yashi a rigarsa. Ya gaya mata komai, bai rage ba.

"Alhamdu lillahi!" ta ce.

"Shi ne abin da ya dame ni. Wata biyar ciwon nan yana jikina, ni mai jikin ban san ta inda yake shigowa ba. Yaron nan jiya ya fara ganina, amma ya san daidai inda zai taɓa ya saki. A ina ya san shi haka?"

"Wato ba za ka Kanon ba ke nan."

"Zan je. Irinsa ba a bari ya yi nisa da ido." Ya cire taguwarsa ya miƙa mata. "Ki ɗinka mini ɗan aljihu daga ciki, ta gefen hagu, inda ba za a gani ba."

"Na laya?"

"Na kwalbar."

Yagana ta karɓa. Ta juya taguwar, ta auna wurin da yatsa biyu, ta tashi neman allura.