Shekara Tara Ba Garma

Tun daga bakin hanya ta jiyo rurin tarakta. Ta sauke buhun irin alkama daga kanta, ta kwasa da gudu kamar ba ita ce mai ciwon gwiwa ba.

Ƙanen marigayi mijinta ne yake huɗa. Ya riga ya kifar da fiye da rabin gonar.

Shekara tara garma ba ta taɓa ƙasar nan ba. Mijinta yakan ce a bar kara da ganye su ruɓe a kanta, a ɗan tsaga wuri a jefa iri, shi ke nan. Maƙwabta suka laƙaba masa Malalaci, shi kuwa yana amsawa har da ɗaga hannu. Bana ce daminarta ta farko ita kaɗai. Ruwa ya makara, da ya zo kuma ya zo da fushi, masara ta kwanta, abin da ta girbe bai taka kara ya karya ba. Amma ƙasar ba ta zaizaye kamar ta maƙwabta ba, tana nan baƙa, da laushi, da danshi, tana jiran shukar kaka. Ita ce abin da ya bar mata, kuma kewarsa takan lafa in ta cusa hannu ƙarƙashin karan.

Da ya hango ta ya kashe inji, ya diro yana share gumi.

"Matar yaya, so na yi ki zo ki tarar an gama."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa." Ya sunkuyar da kai. "Shekara tara ina wucewa ta nan da garma, ina ganin gonar yaya cikin shara. Wai dabara ce. Ai na san shi, ƙarfi ne ya ƙare masa, ga nauyin baki. Ni kuma ban tsaya ba ko sau ɗaya. Abin nan ya hana ni sukuni."

Ta dubi inda ya huɗa. Tsutsotsin ƙasa sun fito fili, tsuntsaye har sun sauko. Maganar tana bakinta: ba rashin ƙarfi ba ne, aikin yayanka ka rushe kafin hantsi. Sai ta ga idonsa ya ciko, ta haɗiye.

"Sannu da aiki. Allah ya saka da alheri. Amma bar mini wancan gefen."

"Ai minti goma ne in ƙarasa."

"Bar shi. Yadda ya bar shi nake son ganinsa."

Ya tafi zuciyarsa wasai, har yana fito. Ita kuwa shekarunta sittin da biyu. Ta fara lissafin ɗora wasu shekaru tara a kansu kafin ƙasar ta dawo, ta fasa. Ta durƙusa a layin farko, ta shiga zaro karan da garma ta binne, ɗaya bayan ɗaya, tana shimfiɗa wa ƙasar.