Gara Mai Kilo Arba'in da Ɗaya

Mijina Seitoku ya kama babban kifin tekun nan da muke kira gara mai kilo arba'in da ɗaya ana saura kwana biyu zaɓen shugaban ƙungiyar masuntan ƙauyenmu, nan take ya ce alama ce daga sama. Shekara tara yana neman kujerar nan, kullum Genkichi Yonaha na kayar da shi.

Kafin kifin ya huce ya shafe shi da tawada, ya danna farar takarda a jikinsa kamar yadda ake yi wa babban kamu, ya rubuta sunansa a gefe har ya fi kan kifin girma. Sai ya aika gidaje ashirin da ke goyon bayansa cewa gobe da rana akwai walima. Mutanen Genkichi kuwa ko ƙaya ba za su gani ba.

Duk wanda aka haifa a tsibirinmu na Miyako ya san halin gara. Tana ƙarama a bakin kogi take zama, namanta lafiya lau. In ta girma sai ta koma duwatsun murjani tana haɗiye ƙananan kifayen da ke kiwon gansakuka, dafin da ke cikinsu ya yi ta taruwa a jikinta, ita ko a jikinta. Wuta ba ta kashe dafin, gishiri ma haka. Shi ya sa mahaifiyata Kamado, mai shekara tamanin da huɗu, ta tambayi inda ya kamo ta. Da ya ce bayan dutsen kudu, sai ta ce a fara ba mage a kwana a gani, yadda iyayenmu ke yi.

"Obaa, ai kin fi kowa sani," in ji shi, murya kamar zuma; haka yake kiranta, wato kaka. Ya shiga kicin da kansa, mutumin da bai san inda wuƙa take ba, ya fito da yanka a faranti. Mage ta cinye ta lashe baki. Washegari tana kan katanga tana wankan rana, ya riƙa nuna ta ga baƙi kamar takardar likita.

Aka ci danye, aka ci soyayye, aka sha romon kai. Seitoku ya yi jawabi a kan yadda babba ke ɗaukar nauyin ƙanana, ya zuba wa mahaifiyata hanta da hannunsa. Ni da na wuni a gaban murhu, ko ɗanɗano ban samu ba.

Kafin magariba unguwa ta rikice. Masu amai na yi, masu susa na yi, wanda ya taɓa ruwan sanyi ya ce wuta ce. Ƙattan da ke jan taru su kaɗai suka kasa miƙewa. Likita ya ce kowa zai tashi, amma tsohuwa sai an sa ido. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Da safe na buɗe firiji neman ƙanƙara, can ƙasa a bayan kabeji na ga wata 'yar gara kamar tafin hannu, an yanke mata gefe ɗaya. Ashe daga jikinta ya yanka wa mage.

Ni ma 'yar ƙungiya ce, ina noman ciyawar teku. Na sa takalmi na tafi zauren zaɓe. Wasu daga cikin mutanensa suka rarrafo, suna dafa bango. Da aka ƙirga, Genkichi goma sha biyu, Seitoku goma sha ɗaya.

Na same shi kwance a tabarma ƙarƙashin hoton kifinsa, yana susar ƙafa, mahaifiyata na nishi a ɗakin da ke kusa. Labari ya riga ni isowa.

"Ƙuri'a ɗaya, Fumi," ya ce. "Da ma kin kai Obaa a keken marasa lafiya. Ke dai kin jefa, ko?"

"Na jefa," na ce. Na ajiye 'yar garar a faranti kusa da kansa, gefen da aka yanke yana sama.

Ya dube ta, ya dube ni. Bai tambayi wanda na jefa wa ba. Mage ta shigo ta ɗauke kifin, ni kuma na wuce na dama wa mahaifiyata kunun shinkafa.