Sautun Ciwo daga Yasore

A shekarar da man fetur ya gagari talaka, takarda ta zo wa Dakta Zuwairatu daga ofishin manya. Ita kaɗai ce likita a wani ƙaramin asibiti tsakanin Batsari da Safana, kuma masu takardar, Allah ya saka musu, sun tausaya mata ƙwarai. Suka ce kada ta ƙara duba fiye da mutum arba'in a rana, kati ɗaya mutum ɗaya, kowa minti goma. Likita na biyu dai ba su turo ba, amma sun aiko da ƙararrawa, aka ɗora wa Muntaka mai ba da kati aikin kaɗa ta.

Mutanen Yasore, wani gari mai nisa da asibitin, ba su yi gardama ba. Da ma in mutum zai je kasuwa sautu ake ba shi, wannan gishiri, wancan kalanzir. Sai suka ga ai ciwo ma ana iya ba da sautunsa. Suka zaɓi Armaya'u, don yana da babur, kuma kaf garin ba wanda ya kai shi iya kwaikwayon mutane.

Duk Alhamis sai ya karɓi kati ɗaya ya shiga da ciwon mutum ashirin.

"Barka da aiki, likita. Wannan na Inna ne," in ji shi, sai ya dafe ƙugu ya yi nishi irin na tsohuwa. "Wannan kuma na Malam Habu." Ya ɗingisa daga ƙofa zuwa taga. Har cikin matar maƙwabcinsa ya taɓa kawowa, wata bakwai, da bayanin yadda ɗan ke motsi.

Da fari likita ta yi faɗa. Da ta leƙa waje ta ga layin ya kai bakin titi, sai ta gyara zama ta ce, "Sake yi mini na Habun, wace ƙafa ce?" A ofis kuwa murna aka yi ta yi, an ga tsari ya zauna, mutum arba'in cif kullum.

Abin da ke damun Armaya'u shi ne yana da nasa tarin, tun kaka, kuma kwanan nan har da jini. Kullum sai ya ajiye shi a ƙarshe, don ɗan aike ba ya fara sauke nasa kayan kafin na jama'a. Kullum kuma kafin ya kai kansa Muntaka ya kaɗa ƙararrawa. Tsoro yake ji sosai, bai kuma gaya wa kowa ba sai matarsa Maijidda.

Wata Alhamis yana tsakiyar kawo zazzaɓin wani, tarin ya ƙwace masa. Ya daɗe yana yi, har ya dafa tebur. Likita ta ajiye biro.

"Na wane ne wannan?"

Akwai sauran mutum shida da bai isar ba, cikinsu har da jariri mai gudawa. Ya san in ya ce nasa ne, a kansa minti ukun da suka rage za su ƙare.

"Wani bawan Allah ne a garinmu."

"Wannan ba na sautu ba ne. Ka gaya masa ya zo da kansa, in gan shi da idona. Ka ji ko?"

"Na ji, likita. Sai na jaririn Kamila."

Alhamis ta gaba bai iya tashi daga tabarma ba. Jama'a suka taru a zaure suka loda wa Maijidda sautu, ƙanensa Ɗanjuma ya ɗauke ta a babur. Armaya'u ya so ya koya mata tarin kafin su tafi, ta ce ya bari, wata biyar tana jin sa.

Da la'asar ta dawo ta zauna kusa da kansa.

"Da shi na fara," in ji ta. "Ina yi ta gane shi. Ta miƙe tsaye tana faɗa, wai ba ta ce mutumin nan ya zo da kansa ba?"

"Me kika ce mata?"

"Na ce ai ya zo, likita. Sau goma sha ɗaya yana tsayawa a gabanki."