Injin da Kaka Ta Kashe

Tun ranar da aka kwantar da jikarta a asibiti, Kaka ba ta yarda da injin nan ba. Wani farin akwati ne a gefen ƙofa, sai gurnani yake kamar tsohon firji. Ita kuwa yarinyar, magani ya cinye mata ƙarfin jiki, har likita ya ce ko mura ta kama, sai an yi da gaske.

Ran nan da hantsi jikin yarinyar ya ɗau zafi. Kaka ta shafa bayan akwatin, ta ji ɗumi. Shi ke nan, ta kama ɓarawo! Yarinya na fama da zazzaɓi, a ajiye mata murhu? Ta zare wayarsa daga bango, ta wangale ƙofa, ta zauna tana yi mata fifita.

Sai da la'asar nas ta shigo, ta tsaya cak.

"Kaka, wa ya kashe wannan?"

"Ni ce. Gasa min jika yake yi."

"Wayyo Kaka! Iskar ɗakin yake zuƙa, ya gasa ta a cikinsa har ƙwayoyin cuta su mutu, ya sanyaya ta sannan ya sako. Ga masu tari cike da baranda, ke kuma kin buɗe ƙofa!"

Matar da ba a taɓa kayar da ita a musu ba, ranar sai ga ta ta tashi da kanta ta rufe ƙofar. Aka mayar da wayar, aka ɗebi jinin yarinyar. Kwanakin da suka biyo baya, ko gyaran murya jikar ta yi, sai Kaka ta miƙe zumbur, tsoro da kunya suna cin ta.

Da likita ya dawo, murmushi yake. "Ƙirji fes, jini fes. Zazzaɓin na maganin ne, ya ma sauka."

Kaka ta sulale kan kujera tana hamdala, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Kaka, ba ke kika ce kuka na ragwaye ne ba?" in ji jikar.

"Rufe min baki, ja'ira."

Can sai ga ɗan Kaka, uban yarinyar, ya shigo yana neman inda zai sa caji. Ya kai hannu zai zare wayar injin, sai jin mafici ya yi a bayan hannunsa, tas!

"Haba Inna, minti biyu fa!"

"Ko rabi! Da shi 'yarka take numfashi."