Mai Wankin Kwalaben Hajiya

Alhaji Alkasum ya kifa bakin kwalbar a kan ɗan kofin shayi, ya tsaya yana jira kamar manomi mai jiran ruwan fari. Ɗigo guda ya gangaro a hankali, ya yi shawara a bakin kwalba, sannan ya faɗa.

"Madalla da kai," in ji Alhaji, ƙasa-ƙasa.

Kowa ya sani a Damagaram, soyayyar gyada ba ta da mutunci sai a kwalbar wiski. Wanda bai taɓa kallon giya ba ma, in ka ba shi gyada a leda sai ya ce ta sha iska. Matarsa Hajiya Barira da wannan sana'ar take riƙe da gida tun da ya bar aikin duwan, wato kwastan. Illa mai kwalabe ke tattaro mata su daga otel-otel, ita kuma ta wanke ta cika.

To, a da ita ke wankewa. Tun da Alhaji ya dawo Makka sai tausayi ya sauko masa. Mutumin da bai taɓa ɗauraye cokali ba, ga shi a bayan ɗaki da bokiti da omo. Matan unguwa har misali suke yi da shi. "Je ka ga Alhaji Alkasum," suke ce wa mazansu. "Aikin hajji ya karɓu!"

Ya karɓu mana. Kafin ya tafi, lokotoro ya nuna masa hoton hantarsa ya ce saura kaɗan. Hajiya kuma ta ce in ya sake kai abin nan baki, za ta koma Dogo wajen 'yan'uwanta, kuma ko limamin Juma'a ya aika biko ba za ta dawo ba. Alhaji ya rantse. Sai dai rantsuwar kan sha ce. Ba wanda ya yi maganar shinshinawa, balle tarawa.

Yau kuwa abin da ya taru a kofin da yake ɓoyewa a bayan tulu, da marfi a kai, ya kai kaurin yatsa.

Ya ɗaga shi ga hasken hantsi. Launin zuma. Ya juya shi a hankali kamar yadda wani tsohon nasara ya koya masa a bakin iyaka, ya kai hanci. Ga ƙanshin hayaƙin nan na mutanen Ekos, ƙasar wiski, kamar an ƙona danyen itace bayan ruwa. Ga dabino. Can ƙasa kuma ga ɗan konyak da ya tsiyayo daga wata kwalba mai dogon wuya, yana ƙanshin zabibi da tsohuwar akwati. Giyar wata kwalbar shekararta goma sha biyu a ganga, ta wata sha takwas. Bayin Allah sun yi haƙurin da ko ɗan fari ba a yi masa, don kawai abin ya ƙare a bayan ɗakin Barira kusa da kejin kaji.

"Ashe da kanka kake haɗawa?"

Hajiya ce tsaye da faranti a hannu. Alhaji ya yi wuf zai sa kofin a bayansa, ya ga ba amfani.

"Dubawa nake, Hajiya. Kar ƙanshin ya kama miki gyada."

"Allah sarki. Sannu da ɗawainiya." Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna, ta ajiye farantin a gabansa. Gyada ce mai zafi, yanzu aka sauke. "Ga shi. Na tuna da ita kake sha."

"Wa ya ce sha zan yi?"

"A'a, ai na ga alama turare za ka shafa. Sha abinka, Alhaji. Motar Dogo ba ta tashi sai bayan azahar, ina da lokaci. In ga yadda manya ke yi. Da can sai dai in ga sakamako a bakin zaure, ana riƙe da kai ta hammata."

"Barira, ɗigo ne fa. Ko harshe ba zai jiƙa ba."

"Ai haka ka ce ranar sunan 'yarmu Hafsatu. Ɗigo. Har ka yi wa liman jawabi da faransanci."

Alhaji ya dubi kofin. Ya dube ta. Ba ta ɗaure fuska ba, ba ta kuma yi kuka ba, gyada kawai take murzawa tana hure ɓawon. Abin da ya tsorata shi ke nan. Da masifa ta yi, da ya san ta inda zai ɓullo.

"Kin san shekarun abin nan kuwa?" ya ce, murya ta yi laushi. "Akwai wanda ya girmi ɗanmu Nazir a ciki."

"To, a gaishe shi. Babba ne."

Ya sake kai hanci, ya ja dogon numfashi, ya rufe ido. Hayaƙi, dabino, da shi kansa yana saurayi cikin kaki, ba ciwon komi. Ya daɗe a haka. Sannan ya karkata kofin a kan bokiti, abin ya tsiyaye cikin kumfa ba ko ƙara.

Hajiya ta miƙe ta kakkaɓe zane.

"Na gaya wa Illa, daga gobe na roba zai riƙa kawowa."

"Roba? Gyada a roba? Ai kin kashe kasuwarki! Wa zai saya?"

"Wanda ya ga dama," ta ce, ta ɗauki farantinta. "Kai dai kar hannun ya yi sanyi. Su ma sai an wanke."